Kawu da Faifai na Biyar

Ga Allah muke, kuma gare Shi Kawu ya koma wata Juma'a da hantsi, a ɗakinsa na Fagge, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tela ne tun kafin a haife ni. An yi masa salla bayan an sauko daga masallaci, saboda haka jama'ar da ta raka shi ta fi wadda ta san shi yawa. Kafin la'asar mun dawo mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Kwana uku na yi a kan tabarmar nan ina amsa gaisuwa, ina jin yadda kowa yake son a tuna da shi. Limamin unguwa ya ce shekara da shekaru bai taɓa waiwayawa ya rasa Kawu a sahun farko ba. Ya gyara rawani, sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai wannan abin nasa na kallo. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Teloli abokan sana'arsa kuwa sun kasa riƙe fuskar makoki. Ɗaya ya ce, "Mai Rijiya ya tafi," wani ya kwaikwayi yadda Kawu yake cire tabarau yana cewa, "Sun nuna shi kuma," suka tuntsire da dariya, suka tuna inda suke, suka koma istigfari. A cikin gida mahaifiyata ba ta cewa komai sai, "Yaya bai taɓa yi mini tsawa ba," alhali ni da ita mun san ba haka aka yi ba. Inna, matar Kawu, ta aiko a tambaye ni yadda za a yi da kwali biyu na kaset da faya-fayan da ke ƙarƙashin gado, domin ba ta son masu gaisuwa su gani.

A rana ta biyu da safe wani tsoho ya zo yana dogara sanda, ya zauna can ƙarshen tabarma. Kowa ya san shi. Baba Ofareto ne daga Sabon Gari, Kirista ɗan wajen Zariya, abokin Kawu na shekara arba'in da ɗoriya. Ya ce, "Yaya haƙuri," aka amsa masa, bai yi minti goma ba ya tashi. Yana ba da baya na ji wani yana raɗa cewa ai wata huɗu ke nan ba sa magana, Kawu ne ya kore shi daga gidan. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai sani ba shi ne ni na haddasa rabuwar, kuma a lokacin da tsohon yake gaishe ni, akwai saƙon Kawu zuwa gare shi a bakina wanda ban isar ba. Na kasa ɗaga ido in dube shi.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na son abin da zai rage na Kawu ya zama dariyar teloli da "sai dai" ɗin liman.

Kakanmu daga Barno ya zo da fatauci, ya yada zango a Fagge bai koma ba. Kawu ne ɗansa na fari. Ya gaji tsayinsa da taurin kansa, amma bai gaji fataucin ba, keken ɗinki ya zaɓa. In azumi ya kai goma sha biyar ba ya sake karɓar ɗinkin salla, ko wane ne ya kawo, wai ba zai yi alkawarin ƙarya da bakin azumi ba. Tef ɗin awo ba ya barin wuyansa, sau da yawa sai a sahun salla wani zai taɓa shi ya cire. Ba shi da saurin fushi. Amma in ya yi, to ka nemi wurin zama, domin hucewar ba yau ba ce.

Sunan fim ɗin na Turanci ban taɓa jin sa a bakin Kawu ba. 'Yan kallon Kano na wancan zamani su suke raɗa wa fim suna, wannan kuma Rijiya suka sa masa. An haska shi kwana tara a wata silima da ke bakin Sabon Gari, wadda yanzu ta zama sito, 'yan kasuwar Singa suna jibge taliya a ciki. Kawu yana saurayi a lokacin, ya kalla sau bakwai. Sauran kwana biyun zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kuma ya sha rantsewa fim ɗin ne ya jawo zazzaɓin.

Duk gidanmu mun haddace labarin ba tare da mun gani ba, domin ya ba wa uwarsa, ya ba wa ƙannensa mata da ba sa zuwa silima, ya ba wa matarsa, ya ba mu, ya ba 'ya'yanmu. Mutum bakwai aka tura wata duniya can bayan taurari, busasshiya, ba ciyawa ba tsuntsu, su haƙa rijiya su nemo ruwa saboda masu zuwa daga baya. Suka yi ta haƙa har suka faɗa wani rami da ba su suka yi shi ba. Daga ranar aka fara jin motsi daga ƙasa. Duk wanda ya sauka, igiya ce kawai take dawowa. Da suka rage saura uku, shugabansu ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka da fitila, ana binsa har fitilar ta mutu. Allo ya yi baƙi ƙirin. Da haske ya dawo, sai ga macen da ke cikinsu zaune a bakin rijiyar ita kaɗai, jini a hannunta, ba shugaba, ba ɗayan. Ta tashi ta shiga jirgi ta tafi, ba ta ce uffan ba har aka rubuta ƙarshe.

Ba a nuna abin da ke cikin rijiyar ba, kuma a kan wannan Kawu ya tsaya duk tsawon rayuwarsa. "Baturen nan ya san tsoro," haka yake cewa. "Da zarar ka ga abu, ka san girmansa, ka san inda za ka sara. Shi kuwa ya bar kowa ya koma gida da nasa dodon." Ya ce silimar da aka saba ihu da fito da jifa da ɓawon gyaɗa ta yi tsit, kana jin numfashin na kusa da kai. Ya yi wata guda bai ɗebo wa uwarsa ruwa a rijiyar gida ba. Turancinsa bai wuce na awo ba, amma bai taɓa jin wani abu ya wuce shi a fim ɗin ba.

A kallonsa na bakwai ya hau matattakalar ɗakin majigi don ya gode wa mai haska fim ɗin, sai ka ce shi ya shirya shi. A nan ya sami Baba Ofareto, wanda aikin haska fim ya ba shi sunan, a lokacin matashi sa'ansa, ɗan wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Daga godiya aka koma shan shayi. Da aka rufe silimar, Baba ya buɗe shagon gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari, amma kullum bayan la'asar sai ya tako zuwa shagon Kawu. Akwai wani benci a bakin shagon da ba mai zama a kai a wannan lokaci, ko baƙo ne sai a tashe shi.

A ɗaya daga cikin rikice-rikicen garin nan, lokacin da aka tare hanyoyi ana tambayar mutane sunansu, Kawu ya ƙunshe kayan mutane da ya gama ɗinkawa ya nufi Sabon Gari. Ya sa wa Baba babbar riga da hula, ya ba matarsa da 'yarsa mayafi, ya tako da su a ƙasa har Fagge. Kwana shida suka yi a ɗakin Inna, shi kuma yana kwana a zaure da almakashin yankan yadi a ƙarƙashin matashi. Wannan labari bai taɓa ba wa kowa ba, a bakin Inna na ji shi. Labarin Rijiya kuwa, ko ba ka tambaya ba za ka sha.

Lokacin da kaset ɗin bidiyo ya shigo gari aka ce an yi na biyu. Kawu ya rufe shago da rana tsaka, abin da ko ranar sunan 'ya'yansa bai yi ba. A shagon Baba suka kalla. Can wajen ƙarshe abin ya fito daga ramin, wani mai kama da ƙadangare, haƙora jere biyu, yana dalalar da miyau. Baba ya ba mu labari cewa Kawu ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga, sannan ya ce, "Yaron gida aka ba aikin, maigidan ba ya nan. Na gaba za su gyara."

Na gaba ba su gyara ba. A na uku abin ya biyo mutane zuwa duniyarmu, ya shiga bututun ruwan wani birni yana fitowa ta famfo. "A garin da famfo yake kawo ruwa ke nan," in ji Kawu. "Ya zo Fagge mana, ƙishirwa ta kashe shi." Mun yi dariya, shi ma ya yi, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Na huɗu ne ya fi yi masa ciwo, domin a nan suka zauna suka yi bayani, wai wasu masu binciken kimiyya ne suka haɗa abin a cikin kwalba tun farko. Ya yi kwana biyu yana ture tuwo. "Abin da ya hana ni ɗebo wa uwata ruwa," ya ce da Inna, "ashe damawa aka yi kamar koko."

A lokacin na zama malamin sakandare, ina ji da kaina. Na ce masa, "Kawu, tun da ɓata maka rai suke yi, ka daina kallo mana. Kasuwanci suke yi, ba su san da kai ba."

Ya tsayar da keke ya dube ni ta saman tabarau. "In ɗan'uwanka ya lalace, daina zuwa gidansa kake yi?"

"To ai ba 'yan'uwanka ba ne."

"Kai dai ka je ka koyar da lissafinka."

Na biyar da na shida a fassarar Hausa suka zo. Yanzu abin ya koma bayan mutane, yana taya su faɗa da wani da ya fi shi girma, kuma mai fassarar ya ba shi muryar ɗan daba, in ya cinye mutum sai ya ce a ba shi na shayi. Teloli suka kunna a waya a cikin shago suna ta ƙyaƙyatawa, Kawu yana taka keke da ƙarfi don kada ya ji. Amma da yamma sai ya karɓi wayar ya kalla daga farko har ƙarshe shi kaɗai. A nan ne ya daina cewa za su gyara. Sai dai ya cire tabarau ya ce, "Sun nuna shi kuma." Wata rana jikarsa ta shigo da jakar makaranta da aka sayo mata a kasuwar Sabon Gari, da hoton abin a jiki yana murmushi, riƙe da fensir. Kawu ya daɗe yana kallon jakar. A ranar ya yanka yadi ya ɗinka mata wata da hannunsa.

Duk lokacin da sabo ya ba shi kunya, na farkon sai ya ƙara girma a bakinsa. Shi ne hujjarsa cewa ba a banza ya yi ta jira ba, cewa an taɓa yin wani da ya san abin da yake yi. Kuma bai sake ganinsa ba tun wancan karon. Sau biyu ya same shi a kasuwa, sau ɗaya a kaset, sau ɗaya a faifai, kuma duka biyun Baba ya karɓa ya ce bari ya gwada a injinsa tukuna, ya dawo ya ce ya lalace, hoton duk ruwa-ruwa ne, ya jefar. Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Bara yanar ido ta fara rufe idon Kawu. Zare ya gagare shi sa wa allura, ya koma zama a shago yana nuna wa mutane da baki. Wata rana muna zaune ya ce, ba cikin roƙo ba, "Da dai zan sake ganin na farkon sau ɗaya kafin idon nan ya gama rufewa." Washegari na je Bata wurin masu tura fim a waya. Kafin in gama cin rogo da ƙuli ɗaya daga cikinsu ya nemo shi, ya ce cikakke ne, an wanke hotonsa tas. Ban kalla ba. Na so ganina na farko ya zama a gefen Kawu.

Daga nan na wuce Sabon Gari in gayyaci Baba. Na same shi yana liƙa wata waya a cikin tsohuwar rediyo. Da na faɗa masa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali.

"Ɗana, kada ka kai masa."

"Don me, Baba?"

"Wanda ke kansa ya ishe shi. Ka ce ba ka samu ba."

Na ɗauka kishi ne irin na tsofaffi, ya kasa sau biyu, ga yaro ya iya a awa guda. Na yi dariya na ce, "Baba, ko kai ma tsoron dodon kake ji?"

"Ina ji," in ji shi. "Don Allah ka bari."

Ban tambaye shi tsoron me ba. Mu malaman makaranta mun saba yin tambaya amsar tana aljihunmu.

Ranar Asabar bayan la'asar na aro babbar talabijin na tayar da janareta. Kawu ya sa sabuwar hula ya shafa turare, ya jawo kujera har kusa da allo. Inna ta zauna a bakin ƙofa. Baba ya zo duk da haka, ya zauna a baya, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Kawu yana faɗin kowane abu kafin ya faru. "Yanzu igiya za ta dawo. Ku duba hannun wancan, rawa yake." Bai kuskure ko ɗaya ba, bayan shekara arba'in. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan awar ba, kuma ina ta yaba wa kaina.

Shugaban ya sauka da fitila. Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi shiru." Fitilar ta mutu, allo ya yi baƙi. Sai aka ji mutumin yana bubbuga fitilar, ta sake kamawa.

Ga abin nan a tsaye a gabansa. Mutum ne a cikin rigar roba, da kan ƙadangare, yana wage baki. Hoton da aka wanke tas bai rufa masa asiri ba. Aka shiga guje-guje da ihu, abin ya hauro igiya ya cinye ɗayan, macen ta hau injin haƙa ta murƙushe shi. Kusan minti ashirin. Hannun Kawu yana sama bai sauke ba. Da abin ya juya baya, na ji ya ce a hankali, "Ga ɗinki nan a gadon bayansa." Bayan duk wannan ne macen ta zauna a bakin rijiya da jini a hannunta.

Na kashe. Kawu ya ce, "Ƙari aka yi. 'Yan zamani ne suka cusa wannan don ya dace da sauran."

Allah ya ba ni ƙofar fita a nan, na ƙi bi. Na ciro waya na duba, na ce, "A'a Kawu, asalinsa ke nan. Haka aka nuna shi ko'ina a duniya tun farko."

"To me na kalla sau bakwai?"

Daga bayanmu Baba ya yi magana, kansa a sunkuye. "Faifai shida ne suka zo a jirgin ƙasa daga Ikko, kowanne a gwangwaninsa. Ni na je tasha na ɗauko a keke. Damina ce, ruwa ya tare ni a Bata, igiyar kariyar keken ta tsinke, gwangwani ɗaya ya gangara lambatu, ruwa ya tafi da shi ina kallo. Na biyar ne. Watana biyu da aure. In na faɗa wa manaja aikina ya ƙare, wataƙila har da ɗauri. Sai na kulle kaina a ɗakin majigi, na yanke na huɗu daidai mutuwar fitila, na cire kamu uku a farkon na shida, na haɗa su. Na kankare lambobin gwangwanayen. Ni kaina ban ga abin nan ba sai ranar da na gwada kaset ɗinka."

"Kaset ɗin da ka ce ya lalace."

"Lafiyarsa lau."

"Da faifan."

"Shi ma."

Kawu ya cire tabarau, amma bai goge su ba. "Shekara arba'in kana zaune a bencina ina zuba, ina zagin mutanen da ba su canza komai ba, kana gyaɗa kai. Unguwa tana ce mini Mai Rijiya. Kai kaɗai ka san wawa ne yake magana."

"Da farko tsoro ne ya hana ni faɗa. Daga baya na ga yadda kake sonsa."

"Tashi ka tafi, kada magariba ta same ka a hanya. Kuma ka huta da zuwa."

Baba ya tashi. Inna ta ce, "Haba Malam," Kawu ya harare ta. Ni kuwa ina tsaye da waya a hannu.

Bai sake ambaton Rijiya ba. Da aka ce an fara sakin sabo kashi-kashi a waya, teloli suka tsokane shi, bai ko tambayi yadda aka yi ba. Sai a lokacin na gane cewa fushin nan da yake yi da masu fim ɗin, da jiran na gaba, da zaman la'asar yana zayyana wa Baba laifinsu, su ne suke fitar da shi daga gida. Ya rage zuwa shago, daga baya ya daina. Ciwon sugan da ya daɗe yana lallaɓawa ya taso, ƙafa ta kumbura, likita ya ce ƙoda ta taɓu. Ban ce fim ne ya kashe Kawu ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma na ga mutum ya saki jiki ga ciwo, kuma na san ranar da ya fara. Sau biyu Baba yana zuwa dubiya, sau biyu Kawu yana sa Inna ta ce barci yake. Ta biyun tana faɗa tana hawaye, Baba ya ce mata ya gane, ba zai sake sa ta yin ƙarya ba.

Ranar Talatar makon da zai rasu na je da la'asar. Ya ce Inna ta ba mu wuri. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na matso.

"Ka je Sabon Gari. Ka ce wa mutumin nan na yi ta juya abin a kwance. Mu teloli in muka haɗa yadi biyu, ko makaho ya shafa zai ji wurin haɗin. Shi ya haɗa nasa, na kalla sau bakwai da idona mai kyau ban gani ba. Ka ce masa Turawan nan ba su taɓa iyawa ba, ko sau ɗaya. Fim ɗin da nake so nasa ne. Ya zo, ina son in ji yadda ya san inda zai yanke."

Na ce, "To Kawu, gobe in sha Allahu."

Laraba na fake da jarrabawar ɗalibai. Ina da lambar 'yar Baba a wayata, amma na ce wa kaina irin wannan magana ba a yin ta a waya, kuma na ji daɗin wannan hujjar. Alhamis na hau adaidaita har Bata, na sauka, na tsaya a bakin titi, na juya. Kunya ce, ba wani abu ba. Tsoho ya haɗa ni da Allah na yi masa dariya, kuma ban san da wane ido zan shiga ɗakinsa ba. Da yamma Kawu ya tambaye ni, "Ka je?"

Na ce, "Na je ban same shi ba."

Ya ce, "To. Wataƙila fushi yake. Yana da gaskiya."

Washegari da hantsi ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa makwanci, ya yafe masa taurin kansa kamar yadda shi ya sauko daga kansa kafin ya tafi. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, in da saura ya sa ni.

Ranar Litinin, bayan an naɗe tabarmi, na je Sabon Gari da la'asar. 'Yar Baba ce ta shigar da ni. Yana zaune a kujera kusa da ƙofa, sanda a jingine. Na durƙusa na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, ban rage ko kalma ba. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Da na zo wurin "fim ɗin da nake so nasa ne," sai ya yi 'yar dariya, ya rufe ido da hannu, kafaɗunsa suna rawa.

Da ya natsu ya ce, "A bakin mutuwa ya faɗa maka?"

"A'a Baba. Ranar Talata."

"Talata." Ya duba yatsunsa. "Ya rasu Juma'a."

"E."

"Ya san ba ka zo ba?"

"Na ce masa na zo ban same ka ba."

'Yarsa ce ta yi magana daga bakin labule, ba da faɗa ba. "Tun ranar da Inna ta ce masa barci ake, ya rufe shago, ko ƙofar gida ba ya fita. Kullum da la'asar sai ya sa takalmi ya zauna nan, wai ko za a aiko."

Na dubi ƙasa. Takalman suna ƙafarsa, a goge, an ɗaure igiyarsu.

"Ka isar, ɗana," in ji Baba. "Ka gaida Inna."

Ya sunkuya da ƙyar ya fara kwance igiyar.